Yadda na magance warin jarkar fetur a but ɗin mota

Tun da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024 ruwa ya ci Maiduguri, nake ajiye lita 20 ta fetur a mota, don in gudu ya kama da dare kada mu tsaya neman gidan mai. Lita 20 ta ishe ni kai iyalina Damaturu har da saura.

Matsalar ita ce wari. Da rana ta take, jarkar roba sai ta kumbura, tururin fetur ya cika motar, yara su fara ciwon kai. Wannan tururin ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan but, kuma tartsatsi ɗaya ya isa.

Na sayi jarkar ƙarfe mai robar toshewa a bakin murfi. Lita 18 kawai nake zubawa, saboda fetur yana ƙara yawa da zafi, sai an bar masa sarari. A gidan mai ina sauke jarkar ƙasa kafin a zuba. Na ɗaure ta da igiya a tsaye, nesa da wayoyin fitilun baya, tare da mazurari da abin kashe gobara.

Warin ya ɗauke. Yanzu duk wata biyu ina juye man cikin tanki in sayo sabo, domin tsohon fetur yana wahalar da inji wajen tashi. Tankin kuwa ba na bari ya sauka ƙasa da rabi, musamman da damina.