Takalmin fata a Kumasi: laima ce abokiyar gaba

Wanda ya taso daga Kano ko Zinder ya saba da cewa ƙura da bushewa ne ke kashe takalmi. A Kumasi laima ce. Damina biyu ake yi a nan, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ka rufe sau-cikinka a akwati mako biyu, za ka tarar funfuna ta yi masa fari fat.

Idan ruwa ya dake ka, kada ka shanya takalmin a rana ko kusa da murhu, fatar za ta ƙandare ta tsage. Goge jar lakar da ɗanyen tsumma tun ba ta bushe ba, kwance igiya, cusa tsohuwar jarida a ciki, ka ajiye shi a inuwa mai iska. Canja jaridar idan ta jiƙe. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Funfuna kuwa, haɗa ruwan kal da ruwa daidai wa daida, ka goge, ka bari ya bushe kafin ka shafa mai. Kada ka ajiye shi cikin leda. Dunƙulen gawayi a tsohuwar safa yana tsotse danshi a inda kake ajiya.

Abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi alwala ce. Jiƙaƙƙiyar ƙafa sau biyar a rana tana ruɓar da cikin takalmi fiye da ruwan sama. Tsane ƙafa tukuna, kuma a ƙofar masallaci kada ka take bayan takalmin don gaggawa. Da zarar ya karye, ba ya komawa daidai. Mai takalmi ƙafa biyu ya riƙa hutar da ɗaya.

Wajen saye, kasuwar Kejetiya cike take da ɗinkin gida, mai kyau da na banza. Duba bakin yankan: fatar gaske tana da gashi-gashi ta ciki, ta jabu yadi ne aka shafe da roba. Tafin da aka ɗinke ya fi wanda aka manna da gam jure ruwa, kuma shumeka zai iya canja shi. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba.

Idan hunturu ya shigo a Disamba, ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa ya wadatar wa ƙafa ɗaya, sai dai yana duhunta fata mai haske.