Kurakuran da muke yi wa ƙafa da sitiyarin tsofaffin kat-kat a Maraɗi

Shekara tara na yi ina bin kasuwannin ƙauye da Land Cruiser ta ɗaukar kaya, ƙirar 75, tsakanin Maraɗi, Dakoro da Mayahi. Duk tsawon lokacin nan inji bai taɓa tayar mini da hankali ba. In ya mutu, ka gangara gefen hanya, ka nemi inuwar gawo, ka aika a kira makanike. Abin da ya kusa halaka ni ƙusa ce, irin ta kafinta. Na kai motar wani gareji aka canza mini rotil, mahaɗar nan mai ƙwallo da ke haɗa sandar sitiyari da ƙafar mota. Da aka ɗaure noti, aka nemi ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake zurawa a lanƙwasa don ya kulle shi, aka rasa, sai yaron garejin ya zura ƙusa. Bayan kamar mako uku, muna dawowa da buhunan aya, yaron motata ya sunkuya zai ɗaure igiyar da ta saki, sai na ji ya ce, "Maigida, zo ka gani." Ƙusar ta karye ta faɗi, notin ya warware, saura murɗa biyu ko uku ya fita. Da ya ƙarasa, da sitiyarin ya koma faifai a hannuna, ni ina juyawa, taya na bin inda ta ga dama.

Tun ranar na lura yawancin gyaran da muke yi wa ƙafar mota na rufe mata baki ne. Tana ƙara, a kashe ƙarar. Tana rawa, a danne rawar. Abin da ya ci kuwa yana nan yana ƙara ci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sabo da wasan sitiyari, kuma sabo turken wawa ne. Direban da ya daɗe da mota bai san yana yi mata tuƙin tankaɗe ba, dama hagu, dama hagu, a kan miƙaƙƙiyar kwaltar Gidan Rumji. Sai baƙo ya karɓa ya ce, "Malam, da wannan kake ɗaukar mutane?" Gwajin ba shi da wuya. Ka tsaya tayoyi na kallon gaba, ka motsa sitiyari a hankali har ka ga taya ta fara amsawa. A tsofaffin Toyota, iyakar wasan da kamfani ya yarda da shi santimita 3 zuwa 4 ne a bakin sitiyari, kamar faɗin yatsu biyu. In ya wuce haka, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi dutse, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari, ɗaya ya kwanta ƙasa yana dafa kowace mahaɗa da hannu. Kada a ɗaga motar, don nauyinta ne ke sa wasan ya fito fili. Inda ka ji "ƙas, ƙas" a tafin hannunka, nan ciwon yake.

A nan ne kuskure na biyu ke shigowa. Makanike mai gaggawa ba zai kwanta ƙasa ba, zai buɗe gaban mota ya matse sukurun da ke saman akwatin sitiyari, wasa ya ragu, ka biya ka tafi. Akwatin nan a tsakiya yake ci, inda aka fi tuƙi. In aka matse shi har tsakiyar ta cika, da ka karya kwana sai ya cije, sitiyari ya ƙi dawowa da kansa. Garin gyaran gira an rasa ido. Wannan sukuru shi ne na ƙarshe da za a taɓa, bayan an tabbatar rotil da robobi da ƙafa lafiya suke, kuma kaɗan-kaɗan ake murɗa shi, a ɗaga gaban mota a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. Yayin da ake can, a goge ƙurar da ke jikin shasi inda akwatin ya ɗauru. Siririn layin tsatsa da ya taso daga ramin noti tsagewa ce. An san Land Cruiser 80 da wannan, musamman wadda aka sa wa manyan tayoyi.

Sai maganar rotil da aka doke. Kowa ya san ana yi: a sa shi a kan maƙera, a bubbuga murfinsa da guduma har ya daina wasa, wani ma ya cusa leda ko fata a ciki. Ƙwallon da ke ciki ya riga ya siranta, kwanonsa ya faɗaɗa, dukan kawai ya ɓoye maka ranar da zai fice. Akwai nau'in da aka ƙera don a buɗe shi a canza kayan ciki, kamar kan sandar da ke tasowa daga akwatin sitiyari a Land Cruiser 60 da 70, mai murfin da ake murɗawa da ɗan sifirin a ciki. Wannan a gyara shi. Wanda aka rufe ruf daga kamfani kuwa, in ya yi wasa ya gama aiki. Haka sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu: in kututture ya lanƙwasa ta, kada a kai ta gun mai walda a gasa a miƙe. Ƙarfen da ya sha wuta ya yi laushi, ramin farko zai sake tanƙwasa shi. Miƙewar daji don ka iso gari ce, in ka iso a canza, a kuma daidaita bakin tayoyi.

Masu Prado 90, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2002, da Hilux Surf ta wannan zamani, ku ne wannan ta fi shafa. A motocin nan nauyi jan rotil ɗin ƙasa yake yi, kamar guga a igiya. In ya ci ya fice, taya kan kife ƙarƙashin mota nan take, sau da yawa ba tare da wata ƙarar gargaɗi ba. A ɗaga motar a zura ƙarfe a ɗan ɗaga a gani, in akwai wasa ko robarsa ta yage a canza duka biyun da na asali, da sababbin notuna huɗun da ke riƙe shi. Wannan ba wurin neman araha ba ne.

Wata ɗabi'a kuma ta direba ce: murɗa sitiyari har ƙarshe mota na tsaye, balle in tayoyi sun nutse cikin rairayi ga lodi a sama. A 2004 Toyota ta kira Hilux da Hilux Surf kimanin 330,000 a Japan a mayar mata don gyara, a 2005 ta kira kusan miliyan ɗaya a Amurka, saboda sandar tsakiya ta sitiyari da ke tsagewa in ana yawan yi mata haka. Irin waɗannan motocin da dama ne suka ƙare a hannunmu. Ka bar mota ta ɗan gangara kafin ka murɗa, kuma kada ka danne sitiyari a ƙarshe famfonsa na kuka.

Yanzu lodi da lam, wato sifirin mai ganyayen ƙarfe a jere, inda nan ne rikicina da abokan sana'a yake. Mota ta zauna saboda buhun gero, sai a ce a ƙara ganye uku ko huɗu. Lam ya ɗauka, gaskiya ne, amma shasi da birki da rulma, ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma dukan da lam ya daina shanyewa shasi ne ke shan sa, har ya tsage a gindin maratayi. In mota ba kaya kuma sai ta riƙa tsalle a hanyar da ta yi kunya-kunya kamar gonar gero, bayanta na zamewa. Ganye ɗaya a kowane gefe, daidai da daidai, ana iya lamunta. Yin walda a ganyen da ya karye kuwa ɓata wuta ne, a gefen waldar zai sake karyewa.

Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne, a Land Cruiser 75 da tsohuwar Hilux mai lam a gaba, lam ɗin ne ke riƙe aksil a mazauninsa. In babban ganye ya karye a ido, ko notin tsakiya da ya tsire ganyayen ya gutsure, aksil ya ja baya ta gefe ɗaya, motar ta juya da kanta. Ka taɓa bin wata a baya ka ga tana tafiya a karkace kamar kare? Ga dalilin nan. Abin da ke gutsure notin tsakiya kuwa sakin ƙarafan nan masu siffar U da ke matse lam da aksil. Sukan miƙe in an ɗaure su, don haka tsoho ba ya riƙo kamar sabo. A sa sababbi, bayan tafiya ɗaya da lodi a sake bi a matse. Jan gari kamar barkono a tsakanin ganyaye alama ce suna goga juna.

Wasu kuma doguwar marataya suke sa wa lam don mota ta ɗaga. Dubi ƙahon babur, a kishingiɗe yake ta baya, shi ya sa yake miƙewa da kansa. Ƙafar gaban mota ma haka take. Doguwar marataya a gaba tana mirgina aksil ta rage wannan kishingiɗa, sai mota ta riƙa yawo a kan kwalta, tana bin kowane rami. In dole sai an ɗaga, a sa siririn tsinken ƙarfe tsakanin lam da aksil ya mayar da kusurwar. A masu sifirin mai naɗi, irin su Land Cruiser 80 da 79 da Nissan Patrol, robobin hannun aksil ake canzawa da na gyaran kusurwa. Kuma duk abin da aka ɗaga, kifewa ta matso. Mai nauyi ya zauna ƙasa, katifu da tabarmi su hau sama.

Akwai makyarkyatar nan da ke kama mota mai aksil guda a gaba. Kana tafiyarka, taya ta daki rami, sai gaba ɗaya ya ɗauki kakkarwa kamar mai zazzaɓin damina, sitiyari na neman ƙwacewa. In ta same ka kada ka taka birki da ƙarfi. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe da hannu biyu har gudu ya sauka ta lafa. Kuskuren shi ne washegari a je a sayo sabon amortisar sitiyari, wato shokozoba, ɗan kwancen nan da ke gaban aksil, har wani ya sa biyu. Zai danne ta wata biyu, ta dawo ta fi da. Tushenta yana cikin robar sandar da ke riƙe aksil ta gefe, ko rotil, ko rulman da ƙafa ke juyawa a kansu sama da ƙasa, ko taya da ta kumbura. Ga yadda ake rarrabewa: a ɗaga taya, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki. In wasan ya ɓace rulman taya ne, in yana nan na ƙafa ne.

A leƙa bayan ƙafar kuma, inda ƙwallon aksil yake. Ɗan danshin giris ba komai. In kunu baƙi ne ke zuba yana bin taya, robar ciki ta mutu, man aksil ya haɗu da giris ya wanke rulma, kuma yana iya kai wa birki. Ƙara giris ba ya tsayar da shi, sai an kwance. Masu Land Cruiser 80 su riƙa sa sifana a notuna huɗun da ke ƙarƙashin ƙafa, waɗanda ke riƙe hannun sitiyari. Sukan saki, in sun saki su gutsure.

Amortisa, ko shokozoba kamar yadda ƴan Jibiya ke cewa, ba ya ɗaga mota, tsalle yake kashewa. Biyu-biyu ake canza shi. Bayan tafiya a hanyar burji ka taɓa jikinsa da bayan hannu: mai aiki zai yi ɗumi, mai sanyi ya mutu. Robar da aka yanko daga tsohuwar taya za ta kai ka gida, ba ta wuce nan. In an sa sababbin robobi kuma, sai an sauke mota ta zauna kan ƙafarta kafin a yi matsewar ƙarshe, in ba haka ba robar na murɗe tun ranar farko, ta yage da wuri.

Man sitiyari na tsofaffin Toyota jan man giya ne, ATF. Na ga an zuba man birki don launin gwangwani ya yi kama, duk robobin famfo suka kumbura.

Taya ma cikin ƙafa take. Ana rage iska a shiga jigawa, a hau kwalta a manta, taya ta yi zafi, mota na lilo a kwana. Ka sayi famfo, ko ka tsaya gun mai facin farko. Tayoyin gaba su zama girma ɗaya, zane ɗaya. A jikin taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama ta shekara goma.

Da damina, in ka ratsa ruwan gulbi ko ka kwana cikin laka wajen Madarunfa, a bi kan nonon giris ɗaya bayan ɗaya a buga har tsohon ya fito da ruwansa. Robar rotil da ta yage a canza ta a makon, don rairayinmu in ya gauraya da giris dutsen niƙa ne.

Mai shirin sayen wadda ta sauka Kwatano ko Lome daga Turai, ya tuna can gishiri suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, kuma daga ciki yake cin shasi. Baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashin mota mai shekara 25 abin tambaya ne. Ka shiga ƙasa da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa gindin maratayin lam, da mazaunin sifirin, da kewayen akwatin sitiyari. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tar. In ka ji "dub" ɓawo na zubo maka a fuska, ka miƙa wa dillali makullinsa.