Ƙannena da kunka samu BAC a Maradi, ga yadda ake haɗa dosiyen burs

Salamu alaikum. Ƙannena da kunka samu BAC bana barkanku, Allah shi sa albarka, ku ma iyaye barkanmu da ganin wagga rana. To yanzu akwai wani aiki gabanku da ba a koya ma kowa a lakkol, shi ne neman burs, kuma wallahi abin da ke ci min rai kowace shekara shi ne ka ga yaro muwayen ɗinshi ta isa, shekarunshi ba su wuce ba, amma lis ta hito babu sunanshi, in ka bi diddigi sai ka tarar ba wanda ya yi mishi mugunta, takarda guda ce ta ɓata komi ko kuma ya kai dosiye bayan an ruhe. Yawanci a takardu ake rasa burs, tun kahin ma a duba maki.

Ku fara sanin wa ke yin mi, don kada ku yi ta yawon kabu-kabu a banza. ANAB ita ce hukumar gwamnati mai kula da burs da kuɗɗin taimakon ɗalibai, cibiyarta na Yamai. CROU ita ke da ɗakin kwana da resto da bas da ɗan asibitin ɗalibai. Rijistar karatu kuwa a sikolariten jami'a ake yin ta. Duk abin da ya shahi takardar BAC kanta, hukumar OBEECS ce. Huɗu ne daban daban, yin rijista a jami'a ba ya nuhin ka nemi burs, samun burs kuma ba ya nuhin kana da ɗaki, kowane da nashi dosiye da nashi ranar ruhewa.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka ɗauko takardar haihuwarka ko zuzuma, wato takardar kotu da ke tsayawa madadin ta haihuwa, in ita gare ka, da takardar ɗan ƙasa, da katin shaida, da atestasiyon ta BAC da takardar makinka, ka shimhiɗa su jere bisa tabarma ka sa yatsa ka bi sunanka harahi bayan harahi. Mu nan sunan mutum guda ana rubuta shi kala uku, wani wuri Mahamadou wani wuri Mahamane wani Mamane, Aboubacar shi koma Boubacar, Hadiza ta koma Hadizatou, wani lokaci sunan baba ya riga naka a wata takarda a wata kuma naka ne gaba. A gida duk kai ne, amma ga mai duba dosiye da bai taɓa ganinka ba mutane biyu ne. Ka duba ranar haihuwa ma da garin da anka rubuta, musamman ku da anka yi ma zuzuma daga baya lokacin shiga jarabawa, sau da yawa shekarar da ke kanta ba ita ce ke katin lakkol ba. In ka ga bambanci kada ka ce ai ƙaramin abu ne za su gane, kuma don Allah kada ka sa biro ko abin gogewa ka gyara da kanka, wannan ya zama takardar jabu kuma laihi ne babba. Gyaran takardar haihuwa ta hanyar kotu da meri yake bi, gyaran ta BAC ta wajen waɗanda sunka ba da ita, kuma duka suna cin lokaci, shi ya sa nike cewa yau. Wanda anka haifa a ƙauyen Dakoro ko Mayahi ko Tasawa wataƙila sai ya koma can inda anka yi rijistar haihuwar tashi, a cikin damina, to ka ga ba aikin kwana guda ba ne.

Takardar ɗan ƙasa kotu ke ba da ita, kuma za su bukaci takardar haihuwarka da ta mahaihi, don haka ka tambayi baba tashi tun yanzu, dattijai da yawa sai an kwance akwati kahin a gano ta.

In komi ya yi daidai sai fotokwafi da legalize, a meri ko kwamsariya, da tambur ɗinshi. Kada ka yi guda guda, ka yi kamar biyar biyar na kowace, don jami'a za ta karɓa, ANAB za ta karɓa, CROU ma haka, ga banki. Ka tahi da sassahe, lokacin nan layin ya hi na kowane lokaci tsawo don duk ƴan BAC na gari can sunka nufa. Hotuna ƙanana ma ka wanko da dama. Orijinal kuma ba a barin ta hannun kowa, nunawa ake a maido, ka saya mata jakar leda mai maɓalli ka rataye ta sama inda ruwa da gara ba su kai. Sannan ka je siber a yi maka sikan ɗin kowace takarda a PDF, ka tura ma kanka a imel, kada ka bar su cikin waya kaɗai don waya tana ɓata. Imel ɗin kuma shi zama da sunanka na gaskiya, ka rubuta kalmar sirrin a wani wuri.

Sai jiran sanarwa. ANAB ce ke hidda sanarwar buɗe ajiyar dosiye, a cikinta ake faɗin takardun da ake so bana, da sharuɗɗan muwayen da na shekaru gwargwadon serin da ka yi, da inda ake kaiwa ko kuma in ta intanet ne, da ranar ƙarshe. Sanarwar bana ita za ka bi, kada ka bi abin da yayanka ya yi shekara uku da sunka wuce, abubuwa na canzawa. Ka riƙa sauraren rediyo da Télé Sahel, ka duba jaridar Le Sahel da allon sanarwa na jami'a. Abin da ke yawo a gurup na WhatsApp ka karanta shi amma ka tabbatar, ka duba akwai lamba da kwanan wata da sa hannu da hatimi, don akwai tsofaffin sanarwa da ake sake turowa kowace shekara, akwai kuma na ƴan damfara masu cewa ka turo jika goma a sa sunanka. Babu mai sa sunanka da kuɗɗi, kwamiti ke zama shi tantance, duk wanda ya ce maka yana da hanya kuɗɗinka yake so. Ranar da ka ajiye dosiye kada ka bar wurin sai da resepise ko wata shaida a hannunka, ka ɗauke ta hoto nan take, in lis ta hito da kuskure ita ce za ka kai wajen ƙorahi, kuma ƙorahin ma yana da wa'adi.

Maganar zaɓen karatu ina so in ɗan tsaya kanta, don tana haɗe da kuɗɗi. Da can wanda ya samu BAC a Maradi kusan dole sai Yamai, jami'ar Abdou Moumouni, tahiyar kilomita wajen 660. Tun 2010 muna da jami'armu nan gida, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin nan masanin kimiyya da ya taɓa riƙe ministan ilimi, a cikinta akwai tsangayar kimiyya da fasaha, da ta noma da muhalli, da ta kiwon lahiya, ga kuma IUT, cibiyar koyon aikin fasaha. Damagaram da Tawa ma sun samu nasu a lokaci guda, a 2014 anka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tilaberi. Ni dai ra'ayina, in abin da kake so ka karanta akwai shi nan Maradi kuma gidanku ba mai ƙarhi ba ne, ka zauna nan, ko ba komi tuwon dare na gida ya rage maka rabin wahala. In babu shi nan to ka tahi, amma ka tahi da sanin wurin wa za ka sauka. Masu son makarantu masu zaman kansu ko tsallakawa Katsina da Kano, kahin baba shi sayar da gona ko sa, a tabbatar gwamnati ta yarda da makarantar da kuma fannin kanshi, a tambaya ko CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance digiri, ta amince da digirin, wanda ya karanto waje kuma shi san zai nemi takardar daidaita digiri in ya dawo.

Burs ta waje ita ma akwai, wadda ƙasashe abokai kamar Maroko da Aljeriya ke ba Nijar gurabe, ana neman ta ta hanyar sanarwar ANAB, gurabun kaɗan ne kuma masu babban maki ke samu, musamman ƴan seri C da D. In kana ganin makinka ya kai, fasfo za ka fara nema tun yanzu da takardun likita, don wa'adin da ake bayarwa gajere ne ƙwarai kuma fasfo ba ya hitowa a kwana biyu. Turkiyya kuma tana da nata tsarin, Türkiye Bursları, kai da kanka kake cikewa a intanet kyauta, yawanci a watannin Janairu da Fabrairu.

To yanzu iyaye, da ku nike. Ko da sunan yaro ya hito, kada ku ɗauka an sauke muku nauyi daga ranar. Burs wata uku uku ake biyanta, kuma kowa a ƙasar nan ya san takan yi jinkiri, sau nawa munka ji ƙungiyar ɗalibai ta USN ta shiga yajin karatu kan bashin alawus. Sabon ɗalibi shi ne ma ya hi jira don sai an gama tantance dosiye. Saboda haka a tanadar mishi abin da zai riƙe shi watannin farko, kuɗɗin rijista, na fotokwafin darussa wanda ke cin kuɗɗi hiye da yadda kuke zato, na tikitin resto, na abin hawa. In kaka ta yi a ware mishi tiyoyin hatsi da wake da ɗan ƙuli-ƙuli da garin rogo, wannan ba abin kunya ba ne, da shi manya da yawa sunka yi karatu. Ɗiya mata kuma a dage a nema musu ɗaki a CROU da wuri tun ranar da anka buɗe, gadajen ba su isar kowa, kuma yarinyar da ba ta da wurin kwana mai kwanciyar hankali ita ce ta farkon barin karatu, abin yana min ciwo don sau da yawa su ne masu ƙoƙarin aji.

Wanda bai samu burs ba kada shi zauna, akwai kuɗɗin taimako da ake ce ma ed sosiyal, na ɗaliban da ba su da burs, bai kai ta ba amma yana toshe wata kafa, shi ma da dosiyenshi da lokacinshi. Kuma asusun da za a biya ka da layin wayar da ka bayar su zama da sunanka kai kanka, irin na takardunka, kada ka ba da lambar abokinka ko layin da anka yi rijista da katin kawu.

Riƙe burs ɗin wani aiki ne kuma. Kowace shekara sai an sabunta, da takardar makin shekarar da ta wuce da shaidar sabuwar rijista. Tsarin LMD muke, lisans shekara 3, master 2, doktora 3, kowane zango, wato rabin shekarar karatu, kiredi 30 ne, lisans gaba ɗaya 180. Darasin da ka faɗi yana bin ka bashi, in sunka taru ka maimaita shekara to burs ɗinka na cikin haɗari. Ka riƙa karɓar takardar makinka da zarar ta hito ka duba ta, in an manta maka wani maki ka bi shi a satin, kada ka bari sai lokacin sabuntawa. In kuma kana son canza fanni ko jami'a ka tambaya a rubuce kahin ka canza.

Ku da kunka kai master kuna tunanin kuɗɗin bincike, gwamnati na da asusun FARSIT na tallafa ma bincike da ƙirƙira, amma a zahiri ɗalibi ya hi samun tallahi ta hanyar shiga aikin da malaminshi ke jagoranta, don haka zaɓen malamin da zai duba aikinka ya hi komi, ka tambayi waɗanda sunka gabace ka wane malami ke da aiki a hannu kuma yana karanta abin da anka ba shi. Mu nan Maradi muna da sa'a, cibiyar binciken noma ta INRAN na nan Tarna, an yi aiki sosai a yankin nan kan buhun PICS na ajiyar wake ba magani, da yaƙar tsutsar zangarniyar hatsi da ƙwarin da ke kashe ta, ga sassaben zamani da duniya ta san daga nan ya bunƙasa tun shekarun 1980. Ka nemi sitaj a irin wuraren nan tun kana lisans don a san huskarka. In za ka rubuta neman tallahi ka ɗauki tambaya guda ƙarama wadda za ka iya amsawa a damina guda, ka faɗi ƙauyukan da za ka, ka jera kuɗɗin dalla dalla, man babur nawa, masu taya ka tambayoyi nawa, awon ƙasa a labo nawa, buga takardu nawa, kuma ka ba wani ya karanta maka faransancin kahin ka miƙa. In an ba ka kuɗɗin ka ajiye rasit ɗin komi har na man lita guda, za a tambaye ka su ranar rahoto.