Yadda ake zance da babba mai lalurar ƙwaƙwalwa idan baki ya gaza

Aikina shiga gidaje ne a cikin birnin Kano, daga Gwammaja zuwa Kurna, ina taya iyalai kula da manya masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wasunsu kalmomi kaɗan suke iya furtawa, wasu ko ɗaya. Roƙona na farko ga mutanen gida shi ne a daina zancen mutum a gabansa kamar ba ya wurin. Namiji da gemunsa yana zaune, a ce "ai ba ya ganewa". Yawancinsu abin da suke fahimta ya fi abin da suke iya faɗa nesa ba kusa ba. Ka gaishe shi yadda za ka gaida sa'anninsa: "Malam, ina kwana?" ko "Yaya, an tashi lafiya?" Ka zauna daidai da shi, ka kashe rediyo.

Kafin komai a duba masa ido da kunne, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko inda ya sauƙaƙa. Masu lalurar Down, wata lalura da ake haifar mutum da ita, su musamman suna yawan fama da raunin ji, kuma sau da yawa ba a lura.

Ni da kayan gida nake farawa, ba da hoto ba. Kofi yana nufin shayi, soso wanka, takalmi fita. Ka miƙa masa abin ya riƙe, ka faɗi kalma ɗaya ko biyu, "wanka yanzu", sannan a yi wankan nan take. Idan ka ba shi takalmi sai bayan awa guda aka fita, ka warware abin da ka ƙulla. A kula da buta, domin a gidajenmu ita ce ta bayi, ita ce ta alwala. Ina barin buta ga bayi, in ware darduma ga sallah. Kowane abu ma'ana ɗaya, kuma kowa a gidan ya bi hakan, har yaran da ake aika. Ranar da ya ɗauko takalmin da kansa ya ajiye a gabanka, magana ya yi maka. Ka amsa, ko da zuwa bakin layi ne ku dawo.

Wanda ke gane hoto sai a matsa da shi gaba. Katunan da ake saukewa daga intanet cike suke da tuffa da motar bas ta Turai, ba su dame shi ba. Ɗauki wayarka ka ɗauki hoton kwanon tuwonsa, da adaidaita sahu, da masallacin unguwa, da teburin mai shayin da ya saba. A wanke hotunan, a rufe su da leda a shagon masu kwamfuta, a huda a zura zare. Akwai tsarin da ake kira PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985: mutum ya miƙa hoto, a ba shi abin da ke jiki. Matakin farko mutum biyu yake buƙata. Ɗaya ya zauna a gabansa riƙe da abin, ɗayan yana bayansa, ya kama hannunsa shiru ya taya shi miƙa hoton, yana rage taimakon sannu a hankali. A fara da abin da ransa ke so, awara ko fura, ba magani ba.

Hannu ma yana aiki. Tsarin Makaton na Ingila, wanda aka fara a shekarun 1970, kana magana da baki ne kana nuna alamar muhimmiyar kalmar kaɗai. Mu nan muna da maganar hannu ta kuramen Kano, kuma malaman makarantar kurame ta Tudun Maliki sun san ta, daga nan nake aron alamomin ci, sha, gida da kuɗi. Amma idan yana da tasa alamar da ya daɗe yana yi, kada ka gyara masa. Kai ne za ka koyi tasa.

Inda na fi tsayawa shi ne batun "eh". Da yawansu sun saba amsa "eh" ga kowace tambaya don a rabu lafiya, ko su maimaita kalmar ƙarshe da suka ji. Wata baiwar Allah a Kurna, ta haura shekara arba'in, na tambaye ta, "Yaya, kunu ko shayi?" Ta ce shayi. Na juya, "Shayi ko kunu?" Ta ce kunu. Sai na ajiye kofunan biyu a kan tabarma na yi shiru. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ture na kunun da bayan hannu. Na sauya musu wuri, ta sake ture shi. Mahaifiyarta, wadda ke dama mata kunu kowace safiya, ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe haka ne, 'yar nan?" Don haka idan ka ba da zaɓi, ka nuna abubuwan a fili, ka sauya jeri, kuma ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki. Sake tambayar da wasu kalmomi yana mayar da shi farko ne.

A koya masa hanyar cewa "a'a" da "ya isa", ko ture hannu ko jan kati, kuma a mutunta ta duk inda ba haɗari. Wanda aka hana hanyar ƙi cikin lumana, da ihu ko cizo zai ƙi. Haka ciwo: in ya fara buga kai ko ya ƙi abinci, kafin a ce taurin kai ne ko iska, a duba haƙori, kunne da cikinsa. Zanen jikin mutum a takarda yana taimaka wa wasu su nuna wurin.

Duk wannan a rubuta shi a ƙaramin littafi, da Hausa, da bakinsa: "Idan na ja kunnena, hayaniya ta yi mini yawa. Idan na kawo buta, bayi nake so." A riƙa tafiya da littafin asibiti ko gidan biki, a miƙa wa likita ko wadda za ta zauna da shi, a roƙe su su fara tambayarsa shi kafin su waiwayi ɗan rakiya.