Yadda ake shimfiɗa bututun ruwan hiliyam irin na injin LHC

Injin LHC mai gwara ƙananan ƙwayoyin zarra, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, a iyakar Suwizalan da Faransa, zagaye ne na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, kuma manyan maganadisunsa guda 1232 ba sa aiki sai an sanyaya su zuwa Kelbin 1.9 (Kelbin ma'auni ne da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi), wato digiri 271 ƙasa da sifili. Ruwan hiliyam ke wannan aikin, wajen tan 120. To matsalar shi ne hiliyam ɗin nan ba shi da juriya ko kaɗan, zafin wat ɗaya tal in ya kutsa bututu zai ƙafar da fiye da lita guda a awa ɗaya.

Fara da ƙarfe. Kar ka kuskura ka sa baƙin ƙarfe, a irin wannan sanyin tsagewa yake yi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ake nema, samfurin 304L ko 316L, kuma haɗin duk walda ne inda ya yiwu, roba kam ka manta da ita a wajen sanyi don daskarewa take ta fara yoyo.

Daga nan sai riga. Bututun hiliyam ana zura shi ne cikin wani babban bututu a zuƙe iskar da ke tsakani gaba ɗaya, tsarin fulas ɗin shayi ke nan, sai a naɗe na cikin da ledoji masu shafin alminiyam rufi bisa rufi, a ƙara garkuwa a tsakiya da ake riƙewa a wajen Kelbin 50 zuwa 75 don ta tare zafin tun a hanya. Abin da zai tallafe bututun ma a yi shi siriri da zaren gilashi, saboda duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe ƙofa ce ka buɗe wa zafi.

Inda ni nake ganin an fi raina aikin shi ne takurewa. In bututun ya yi sanyi kowace mita tana raguwa da wajen milimita 3, kamar ba komai ba ko? Amma sashe ɗaya na LHC kilomita 3.3 ne, lissafa ka ga, kusan mita 10 ke nan. Shi ya sa ake sa gaɓoɓi masu nannaɗe da ke miƙewa su dawo, a kafe bututun a wasu wurare, sauran a bar shi ya zame.

Kafin sanyaya a gwada kowace walda da na'urar gano yoyon hiliyam, a zuƙe iska a wanke da hiliyam sau da yawa, don raɓa ko iskar da ta rage ƙanƙara za ta zama ta toshe bawul. Sanyayawar kuma sannu a hankali, naitirojin mai ruwa ya kai ka Kelbin 80, injinan sanyi su kai 4.5, sannan a rage matsi a sauka 1.9.

Bawul ɗin fitar da matsi kuwa a yi shi babba, lita ɗaya ta ruwan tana komawa iska wajen lita 700. Ranar 19 ga Satumba 2008 wani haɗin wuta ya ƙone a LHC ya huda bangon da ke riƙe da hiliyam, hiliyam wajen tan 6 ya tsere, bawul ɗin da ke wurin suka kasa, sai da aka ciro maganadisu 53, injin bai dawo ba sai Nuwamba 2009 bayan an ƙara manyan bawul. Kuma a sa na'urar auna iskar shaƙa a ramin, don in hiliyam ya tsere korar ta yake yi, kuma ba ya wari.