Darasi na Tara: Tattara Fayiloli da Tayar da Kwamfuta daga Filash

Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu na Wunti da Yelwa a Bauchi suna da faifan ajiya mai juyawa, wanda ake kira HDD. Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata 'yar allura kuma tana bin sa tana karanta abin da aka ajiye.

Yau ka ajiye, gobe ka goge, jibi ka sake ajiyewa. A haka sai fayil guda ya rarrabu gida-gida a kan faifan. Kamar ɗan kasuwar Muda Lawal ne da ya jibge buhunan masarar mutum ɗaya a rumfuna biyar: kayan suna nan lafiya, amma kafin a harhaɗa su an sha zirga-zirga. Haka allurar take wahala, kwamfuta ta yi nauyi.

Maganin shi ne a tattara gutsattsarin wuri guda. A Windows 10 ko 11, ku danna Start, ku rubuta Defragment, ku buɗe Defragment and Optimize Drives. Ku zaɓi faifan C, wato wanda Windows take ciki, ku danna Analyze don ganin yawan rarrabuwar, sannan Optimize. Windows kan yi wannan da kanta mako-mako, amma kwamfutar da ake kashewa da zarar an gama aiki ba ta cika samun sarari ba. Aikin kan ɗauki mintoci, wani lokaci awoyi. Kada ku fara sai batir ya cika ko janareta na aiki, don wutar NEPA ba ta sallama. Faifan da ya cika maƙil kuma ba ya tattaruwa da kyau, sai an rage masa kaya.

Idan an rubuta Solid state drive a gaban sunan faifan, to SSD ne. Ba ya juyawa, ba shi da allura, ba ya buƙatar wannan aiki. Ku bar wa Windows ta kula da shi.

Amma kafin duk wannan, ku kwashe takardunku da hotunanku zuwa faifan waje mai shiga ta USB. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Suna zaton faifan da suka zuba fayiloli a ciki zai tayar da kwamfuta ranar da ta ƙi tashi. Ba zai tayar ba. Fayiloli kawai yake riƙe da su. Abin tayarwa daban ake haɗa shi.

Ku nemi filash mai aƙalla gigabayit 16, wanda babu komai a ciki, domin za a share shi tas. Ku rubuta Recovery Drive a Start, ku bi matakan. Wannan filash ɗin zai buɗe muku kayan gyaran Windows, amma ba ya ɗauke da takardunku. Shi ya sa ake buƙatar duka biyun.

Gwaji kuwa yau za a yi shi, ba ranar da matsala ta zo ba. Ku kashe kwamfuta, ku soka filash, ku kunna, nan take ku riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo.  Ku zaɓi sunan filash ɗin. Idan shafin gyara ya bayyana, ya yi kyau. Kada ku taɓa zaɓin da ke cewa Recover from a drive a lokacin gwaji, yana goge abin da ke cikin kwamfutar. Ku kashe, ku zare filash, ku manna masa takarda da kwanan wata, ku adana shi nesa da ƙura da zafi.

Aikin gida: ku duba kwamfutar da kuke amfani da ita, ku rubuta ko HDD ce ko SSD, da maɓallin da ya buɗe muku zaɓen tashi. Ku zo da amsar a aji na gaba.