Dirarriya: kurakuran da aka fi yi da wannan kalma

Da wuya ka buɗe labarin da matashin marubuci ya kawo a duba masa, daga Samaru yake ko Tudun Wada, ba ka ci karo da "dirarriya" tun a shafin farko ba, kuma galibi an ajiye ta inda ba muhallinta ba. A bakin mutane ba kasafai ake jin ta ba. "Tana da diri" ko "mai diri" aka fi cewa, shi ya sa masu tsinto ta a littafi suke ta tuntuɓe da ita.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mayar da diri ƙiba. Diri tsarin jiki ne: ƙirji a cike, tsakiya a tsuke, ƙugu a buɗe. Ka leƙa shagon telan mata a kasuwar Sabon Gari ka duba littafin awonsa. A ce ga mace mai ƙirji inci 38, tsakiya 29, ƙugu 41. Wannan sai tela ya kama rigar a tsakiya kafin ta zauna mata, in ba haka ba ta yi ta lilo kamar buhu. Ga wata kuma mai 44, 43, 45. Ta fi ta farko nama nesa ba kusa ba, amma awon ya miƙe sambal daga sama har ƙasa. Ita wannan mai jiki ce, ko mai ƙiba, in zolaya ake so a ce lukuta. Tazarar nan da ke tsakanin awon tsakiya da na ƙugu, a nan dirin yake. Dalilin da ya sa Bahaushe ya ce ƙirar kalangu ke nan, don kalangu bakinsa biyu masu faɗi ne, tsakiyarsa siririya. Saboda haka siririyar mace tana iya zama dirarriya, mai ƙiba ma tana iya zama, sai dai ƙibar ba ita ke kawo dirin ba. Yadda nake gwadawa: in cire kalmar daga jimla in sa "mai ƙirar kalangu" a gurbinta. In ta zauna daram, sai in mayar da dirarriya. In ta yi bambaraƙwai, to tun farko ba ita ake nema ba.

Sai masu jibga siffofi kamar ana lodin tirela. "Doguwa ce santaleliya, zankaɗeɗiya, dirarriya, 'yar duma-duma." Haba malam! Mata nawa kake siffantawa? Santaleliya tsawo ne da miƙewa. Zankaɗeɗiya tsawo ne haɗe da kyan tsayuwa da cikar halitta. 'Yar duma-duma kuwa cikar nama ce da taushin jiki, kuma kunne bai saba jin ta tare da doguwa ba. Kowace da hoton da take zanawa, in ka tara su a kan mutum ɗaya mai karatu ba zai ga kowa ba. Wannan lalaci ne, ba gwaninta ba, ka ji wasu na jero su kai ma ka kwafa ba tare da ka tambayi ko da kakarka ma'anarsu ba. Ni ba na wuce biyu, kuma dole ɗaya ta faɗi abin da ɗayar ba ta faɗa ba: doguwa ce dirarriya, shi ke nan.

Ta fuskar nahawu, ƙirarta irin ta dafaffe, dafaffiya, dafaffu ce: dirarre, dirarriya, dirarru. Jam'i "dirarrun mata" ne, babu wani "dirarriyoyi". Mu Zazzagawa muna da namu tarkon, don bakinmu ya saba da "rigan" da "motan", sai hannu ya bi baki a rubuta "dirarriyan mace". A hira a Ƙofar Doka ba mai tanka maka, amma a daidaitacciyar Hausa "dirarriyar mace" ake rubutawa. In siffar ta biyo bayan suna, ba ta ɗaukar komai: mace dirarriya.

Kada a rage mata harafi, "dirariya" kuskure ne. Dirar da ake yi daga kan babur ko katanga kuwa ma'anarta daban.

Dirarre ga namiji ba laifi ba ne, ni dai na fi son "mai ƙirar ƙarfi".

Akwai kuma batun wa ke faɗa wa wa. A gidan biki ranar ƙunshi, ƙanwa ta ce wa yayarta, "Kai Yaya, wannan atamfa ta fito miki da diri," dariya za a yi a tafa. Namiji ya faɗi haka a kan matar maƙwabcinsa, ko a gaban surukarsa, ya ja wa kansa abin kunya. A labari ma a lura da bakin da aka sanya wa kalmar. Saurayi yana iya raya ta a zuciyarsa, ƙawaye suna iya faɗinta a ɗaki, amma dattijon da ya je neman aure wa ɗansa "yarinyar kirki mai natsuwa" zai ce a zaure.